Daga Kaset Zuwa Kwamfuta: Tarihin Sitidiyon Cikin Ɗaka Da Waƙoƙin Da Ke Ɓace Mana

Akwai wani zaure a unguwarmu a Damagaram da aka toshe tagarsa da tsohuwar katifa, aka bi bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. In ka leƙa ciki ba za ka ga ganga ko gurmi ko algaita ba. Kwamfuta ce ɗaya, da makirfo, da ƴar ƙaramar fiyano, da lasifika biyu. Amma daga wannan zaure kiɗan buɗe shirin da nake gabatarwa a rediyo ya fito, daga nan kuma waƙoƙin biki da na bege da na ƴan siyasa da dama suka fita suka shiga wayoyin jama'a. Mai zauren ƙanen abokina ne, yaron da bai kai shekara talatin ba.

Wata safiya cikin bazara ya kira ni a waya, muryarsa na rawa, ya ce, "Yaya, diskin ya ƙi tashi." Da daddare an ɗauke wuta yana cikin aiki, aka dawo da ita da ƙarfi. Rumbun ajiyar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira diski, sai ƙas-ƙas yake yi kamar ɓera a cikin kwali. Aikin shekara huɗu ne a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba waƙoƙin bikin ba ne. Watanni kafin nan na yi hira da wani tsoho mai kaɗa gurmi, na kuma lallaɓa shi na kai shi zauren. Yaron ya ce masa, "Baba, kada ka yi waƙa tukuna, taɓa mini tsirkiyar ɗaya bayan ɗaya." Tsohon ya yi ta dariya, yana cewa bai taɓa ganin mai sayen kiɗa da ƙwaya-ƙwaya kamar goro ba. Nufin yaron shi ne ya zuba waɗannan sautuka cikin kwamfuta, yadda in ya danna fiyano gurmin Baba zai amsa. Bayan nan tsohon ya yi mana waƙoƙi shida. Ni kuwa da na ga an juye komai a kwamfuta, sai na goge nawa rikoda don in samu wurin ɗaukar wata hira. Baba ya rasu a daminar wannan shekara. Allah Ya jiƙansa.

Wannan asara ce ta sa na shiga bin diddigin yadda aka yi sitidiyo ya baro manyan gine-gine ya shigo zaurukanmu, da kuma dalilin da ya sa waƙar da aka ɗauka jiya ta fi wadda aka ɗauka shekara hamsin baya saurin ɓacewa.

Lokacin da sitidiyo ke hannun hukuma

Tun da Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kusan shekara ɗari ɗaukar waƙa aikin mai ƙarfi ne. Ana buƙatar babban ɗaki, da injiniyoyi, da na'urori masu tsada. A Turai da Amurka kamfanonin faifai ne ke da su. A ƙasashenmu kuwa galibi gidan rediyon gwamnati ne. A Nijar an buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda daga baya aka sa wa suna Muryar Sahel. Makaɗin da ke son a ji shi, ko dai ya je Yamai, ko ya jira ma'aikatan rediyo su zo garinsu da rikoda. Ƙofar ƴar ƙarama ce, kuma da yawa sun mutu ba su shige ta ba.

Sai dai wannan tsari yana da wata fa'ida da ba mu lura da ita ba sai yanzu. Duk waƙar da aka ɗauka tana zama a jikin wani abu da hannu ke iya riƙewa, wato tef mai zare, a cikin kwali mai lamba, a kan kanta, kuma akwai ma'aikacin da ake biya albashi don ya kula da shi. Ƙasar Gini misali ce. Bayan samun ƴancinta a 1958, gwamnatin Sékou Touré ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin makaɗa irin su Bembeya Jazz, ta kafa kamfanin faifai na Syliphone, gidan rediyon Konakiri kuma ya yi ta tara tef. Tef ɗin sun sha zafi da raɓa da rashin kula, amma tsakanin 2008 da 2013 wani manazarci ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya juye waƙoƙi 9,410 daga cikinsu. An same su ne domin akwai abin da za a ɗauko a kakkaɓe.

Mu ma muna da namu labarin. Mamman Sani Abdoulaye ya sayi wata fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a shekarun 1970, ya riƙa kaɗa tsoffin karin waƙoƙin ƙasar nan da ita. A 1978 ya ɗauki kundinsa a gidan rediyon ƙasa, aka buga kaset ƴan kaɗan. Iyayenmu sun san kiɗan nan sarai, domin shi ake sakawa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ko da yake mafi yawansu ba su san mai shi ba. Bayan fiye da shekara talatin wani Ba'amurke mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikin kaset ɗin a Yamai, ya nemo Mamman Sani, aka sake buga kundin a 2013. Kaset guda ne ya mayar da mutumin nan fagen duniya.

Yadda sitidiyo ya shigo ɗaka

Matakin farko shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na Holan ya fito da shi a 1963. Na biyu ya zo a 1979, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya ƙera Portastudio, ƴar na'urar da ke ɗaukar layi huɗu na sauti a kan kaset ɗin da kowa ya sani. Mutum ɗaya sai ya ɗauki ganga a layi na farko, jita a na biyu, murya a na uku, amshi a na huɗu. Mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki kundinsa mai suna Nebraska da irin wannan na'ura a ɗakin gidansa, aka fito da shi a 1982. Ya yi kwanaki yana yawo da kaset ɗin a aljihu, alhali shi kaɗai ne asalin kundin.

A wannan shekarar ta 1979 aka fito da Fairlight CMI a Ostireliya, na'urar da ke ɗaukar guntun sauti na gaske, kamar bugun ganga ɗaya, ta baza shi a kan maɓallan fiyano. Abin da yaronmu ya so ya yi da gurmin Baba ke nan. Amma a lokacin kuɗinta ya kai na sayen gida, sai manyan taurari.

Babban juyin ya zo a watan Janairun 1983. A wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya aka haɗa fiyanon kamfanin Sequential Circuits da ta kamfanin Roland da waya guda, aka danna ɗaya, ɗayar ta amsa. Wannan shi ne MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna, wanda Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Japan suka jagoranci samar da shi, aka kuma bar shi kyauta ga kowane kamfani. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan tushen maganata yake: MIDI ba ya ɗauke da sauti. Umarni kawai yake kaiwa, cewa a danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi bayan lokaci kaza. Kamar takardar da aka rubuta yadda ake haɗa miya ce. In babu kayan miya da tukunya, takardar ba ta ƙosar da kowa.

Daga nan kwamfuta ta karɓi ragama. Atari ST ta 1985 ta zo da kafar MIDI a jikinta, a kanta kuma kamfanin Steinberg na birnin Hamburg a Jamus ya fito da manhajar Cubase a 1989. A 1996 kamfanin ya ƙirƙiro tsarin VST, a 1999 kuma ya faɗaɗa shi yadda kayan kiɗan kansu suka koma manhaja. Fiyano da jita da sarewa da ganguna duk suka zama kayan kiɗa marasa jiki, ba katako, ba fata, ba tsirkiya, sai lissafi a cikin kwamfuta. A wajen wannan lokaci ne Didier Dambrin ya rubuta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam wata ƴar manhajar jera bugun ganga mai suna FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. A 1997 kuma Andy Hildebrand, injiniyan da ya taɓa aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa a harkar haƙar man fetur, ya fito da Auto-Tune mai daidaita murya. Kafin ƙarni ya juya, abin da ke cika babban ɗaki ya koma cikin akwatin da yaro ke iya ɗorawa bayan babur.

Yadda abin ya iso Kano, Sakkwato da Yamai

Ƙasar Hausa ta shiga wannan tarihi ta ƙofar fim. Bayan Turmin Danya na 1990, finafinan bidiyo na Kano suka buƙaci kiɗa mai yawa cikin sauri da araha. Fiyanon Yamaha samfurin PSR ta biya wannan buƙata, domin mutum ɗaya na iya maye gurbin tawagar makaɗa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999. Daga nan kiɗan fiyano da waƙoƙin nanaye suka cika Maraɗi da Damagaram da Tawa kamar yadda suka cika Kano.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A 1991 kamfanoni sun amince da jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI, waɗanda kowace fiyano mai bin tsarin za ta zo da su. A cikin jerin akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu gurmi, babu goge irin namu, babu algaita, babu kakaki. Saboda haka mai kiɗa a Kano in yana son algaita sai ya nemi sautin da ya fi kusa da ita, wanda sau da yawa busar Indiya ce. Ana yawan ɗora kamannin kiɗan fim ɗinmu da na Indiya a kan kallon finafinansu, kuma gaskiya ne. Amma a ganina kayan aikin ma sun tura mu can. Abin da ke cikin rumbu shi ake dakawa.

A 2008 Mdou Moctar, ɗan Abzinawa mai kaɗa jita, ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Sitidiyon ya yi masa irin aikin da ya saba yi wa mawaƙan Hausa, wato gangar na'ura da murya mai Auto-Tune. Ba a sayar da kundin a kanti ba. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da katin waya, wanda mu a nan muke cewa karti memuwar, a Kano kuma memori, har ya kai arewacin Mali. A Kidal ne Kirkley ya tara irin waɗannan waƙoƙi na cikin wayoyin mutane, ya fitar da su a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, bayan ya sha wahalar gano masu su, domin da yawa ba suna a jikinsu. Haka labarin Hama na Yamai yake, wanda ya fara da fiyanon Yamaha, daga baya ya koma kwamfuta da FruityLoops, aka fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019.

Wannan babbar nasara ce, kuma ba na raina ta. Yaron da ba ɗan makaɗa ba, wanda ba shi da ubangida a fada ko a gidan rediyo, yau yana iya haɗa waƙa shi kaɗai, gobe a ji ta a Agadas da Kumasi da Njamena. Amma da sitidiyo ya baro gidan rediyo, bai taho da ma'aikacin ɗakin ajiya ba.

Inda gizo ke saƙar

Waƙar da aka haɗa da kayan kiɗa marasa jiki tana da rai uku, kuma kowanne na iya fita shi kaɗai. Na farko shi ne fayil ɗin aiki, wanda yawancinsa umarnin MIDI ne, takardar miyar nan. Na biyu su ne sautuka da manhajojin da fayil ɗin ke kira. In ka buɗe shi bayan shekara goma a wata kwamfuta, sai ya nemi fiyanon da kamfaninta ya daina yi, ko wadda ba ta tafiya da sabon tsarin kwamfuta. Yawancin yaranmu kuma kwafin bayan fage suke amfani da shi, wanda abokin aboki ya zuba musu, ba su ma san lambar samfurinsa ba. Na uku shi ne diskin da duk suke kwance a kai. Faranti ne mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wani hannu mai karantawa da ke shawagi a kansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zafin bazara, da ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa tana komawa, da faɗuwa daga kan benci, duk abokan gabarsa ne. Tef in ya tsinke ana liƙa shi a rasa daƙiƙa ɗaya. Diski in ya mutu yakan tafi da komai lokaci guda.

Kada a ɗauka talaucinmu ne kaɗai ya jawo haka. A 2024 kamfanin Iron Mountain, wanda ke yi wa manyan kamfanonin kiɗa ajiya, ya bayyana cewa kusan ɗaya cikin biyar na diskin shekarun 1990 da ake kawo masa ba sa karantuwa. A watan Maris na 2019 dandalin Myspace ya amsa cewa ya rasa abin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 a garin sauya wurin ajiya, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙoƙi miliyan 50. Abin da aka ceto, kimanin 490,000, ya fito ne daga kwafin da wasu manazarta suka taɓa kwashewa don bincikensu. Masu tef ma ba su tsira ba in ajiyar wuri ɗaya ce. Gobarar da ta tashi a harabar Universal a Kalifoniya ranar 1 ga Yuni, 2008 ta cinye ɗakin asalin faya-faye. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa wata takardar cikin gida ta kamfanin ta ƙiyasta asarar da waƙoƙi kusan 500,000, ko da yake kamfanin ya ce an zuzuta girman ɓarnar.

Waɗanda suka tsira fa, me ya cece su? A 1998 wani a kamfanin Pixar ya ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 ya tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya duba. Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka ɗauko ta a mota. Haka kuma BBC ta goge tef ɗin tsoffin shirye-shiryenta da dama a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su, kamar dai yadda na yi da nawa rikoda. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirin Doctor Who da aka fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Abin da Landan ta zubar, Jos ta adana ba tare da ta sani ba.

Darasin duk ɗaya ne: abin da ya rayu, kwafinsa ne da ke wani wuri dabam. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya taƙaita shi da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Manomin ƙasar Hausa ya riga shi sanin haka. Ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a rumbu ɗaya, kuma akan gina rumbuna nesa da ɗakunan kwana saboda gobara.

Abin da ya rage mana

Bayan mai gyara ya ce mana sai dai haƙuri, mun yi mako biyu muna bin masu tura waƙa a bakin kasuwa da wayoyin abokai. Waƙoƙin biki da na siyasa mun samo da yawa, domin masu su sun baza su. A wayar wani mai shayi muka samu waƙar Baba guda ɗaya, wadda yaron ya taɓa tura masa don ya ji. An matse ta ta zama ƙaramin MP3, gurmin ya dusashe kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Sauran biyar ɗin, da sautukan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, da dariyar tsohon, sun tafi.

Yanzu yaron ya sauya hali. Duk waƙar da ya gama, yana fitar da kowane layi, ganga dabam, murya dabam, amshi dabam, a matsayin sauti cikakke na WAV, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa ko da manhajar ta mutu. Yana rubuta sunan mawaƙi da shekara da gari a jikin fayil, maimakon lambar da na'ura ke bayarwa. Yana da diski na biyu na ko-ta-kwana da ba ya barinsa jone da wuta, na uku kuma yana akwatin tufafina a gida, yana zuwa ya sabunta shi duk ranar Juma'a bayan masallaci. Manyan ayyuka yana ɗora su a ma'ajiyar intanet in ya samu kuɗin data. Kuma duk wata yana buɗe kwafin ya saurara, saboda abin da ya faru da Pixar.

Ina kira ga abokan aikina na gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara, a Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru. Kusan kowace sabuwar waƙa ta garinmu tana biyowa ta hannunmu kafin ta shiga gari. Ba wani babban kuɗi ba ne a ware diski biyu, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye ɗaya a wani gini. Muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata sun iso gare mu ne domin wani ma'aikaci ya sa tef a kwali ya rubuta suna a bayansa. Mawaƙan zamaninmu sun fi su samun damar ɗaukar waƙa sau dubu, amma in muka ci gaba a haka, jikokinmu za su fi samun waƙar 1970 a kan ta 2010.

Waƙar Baban nan guda ɗaya nakan saka ta a ƙarshen shirina lokaci-lokaci. Masu saurare sukan bugo waya su tambaya ko akwai sauran waƙoƙinsa. Nakan gaya musu gaskiya, cewa akwai biyar, kuma ni na goge su da hannuna.